Maganin Ido a Sarƙar Keke

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina, da wata ranar bazara a zauren surukina a Kurfi. Yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma in na tuna sai in ji zufa ta keto mini a ƙeya. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka da na ga dama sai in ja bakina in yi shiru. To amma na lura jikokina sun fara ba da labarin suna ƙara masa gishiri, gara in faɗa da bakina.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina malamin gona na hukumar gargajiya ta En'e a Dutsin-Ma. Shekaruna talatin da 'yan kai, ga farin wando, ga malafa mai adon jan fata, ga sabon keke wanda nake gogewa fiye da yadda nake wanke fuskata. Aikina zagaya ƙauyuka, yau Dabawa gobe Wurma, ina koya wa mutanen da suka girmi ubana yadda ake shuka gyaɗa (su saurara su ce "madalla, Malam", in na ba da baya su ci gaba da yadda suka saba). Amma abin da na fi taƙama da shi duk duniya idona ne. Ni ne mai ganin jinjirin wata a unguwarmu. In azumi ya gabato, mutane na ta ɗaga kai suna lalube a sama, ni zan miƙa yatsa in ce, "Ga shi can, bisa rimin nan." Wallahi har tafiyata takan canja a irin waɗannan ranaku.

Mahaifinmu ya makance kafin ya rasu, a hankali a hankali, ba ciwo ba kumburi, kowa ya ce tsufa ne. Sai ga yayana, Yaya Sale, wanda bai kai hamsin ba, ya fara karo da bakin ƙofa, yana tuntuɓe da buta. Ni ne ɗan boko a gidan, ni aka ɗora wa kai shi asibitin ido a Kano.

Likitan Bature ne, dogo, da tafinta a gefensa. Ya duba Yaya Sale ya daɗe, sannan ya yi mana bayani. Ya ce akwai ruwa a cikin ido wanda yake shiga yana fita, in hanyar fitarsa ta toshe sai ya taru ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Ya ce daga gefe take farawa, mutum yana ganin gabansa tangaran alhali ana cin sa ta bayan fage, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da yanzu ake ce wa hawan jinin ido ke nan. Na Yaya Sale ya riga ya yi nisa. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar tare muka yi karatun likitan, sai ya juyo kaina.

Tafinta ya ce, "Likita na tambaya, kai ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya?"

Na ce, "Ƙwarai."

"To ya ce ka hau gado. Ciwon yana bin dangi."

Na yi dariya na ce a gaya wa likita ni rakiya na yo, kuma ni ne mai ganin wata a Dutsin-Ma. Tafinta ya fassara. Likita bai ko murmusa ba, ya nuna mini gado. Aka ɗiga mini wani abu, aka ɗora mini wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin sikeli a kan ƙwayar ido, aka sa na rufe ido ɗaya ana kaɗa mini yatsu ta gefe. Ƙarshenta aka ce nawa ma ya fara, na hagu ya fi taɓuwa, amma na zo da wuri. Aka ba ni kwalabe biyu masu 'yar roba a baki ta matsa ɗigo, aka ce sau huɗu kullum, har iyakar rayuwa, in kuma riƙa dawowa ana aunawa.

Na yi mako biyu ina ɗigawa. Maganin nan kuwa ba shi da daɗi, gaskiya ɗaya ce. In na ɗiga sai goshina ya ɗau ciwo, duniya ta yi duhu-duhu kamar hadari ya taso. Sai na zauna na yi wa kaina lissafin masu wayo: kafin magani ina gani garau ba ciwo, bayan magani ga ciwon kai ga duhu, to wane ne mara lafiya a nan, ni ko maganin? Na tuntsurar da ruwan a bayan ɗaki. Kwalbar kuwa na ga ba ta cancanci yarwa ba, don 'yar robar nan tana fitar da ɗigo ɗaya-ɗaya daidai wa daida. Na cika ta da man keke. Ba a taɓa ganin sarƙar da ta sha gata irin tawa ba a duk ƙasar Katsina.

Maiɗakina Binta ta same ni a tsakar gida ina ɗiga wa sarƙa, ta tsaya ta ce, "Malam, wannan ba kwalbar maganin idonka ba ce?"

Na ce, "Ke me kika sani a harkar asibiti? Je ki duba tukunyarki."

Ta juya ta koma kan tukunyarta. (Na ɗauka na yi nasara. Ban san Binta ajiya take yi ba.)

Bayan shekara guda da wani abu, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Kurfi, ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Ɗan fari ne, saboda haka ba zan faɗi sunansa ba, ku yi haƙuri, mu mutanen da ne. Aka yi suna, aka yi arba'in, na share ɗaki na sa aka yi sabon daɓe ina jiran a dawo mini da iyalina. Shiru. Wata biyu, shiru. Aka shiga na uku. Ga kunya ta hana ni zuwa in tambaya, ga tuwon gidan Yaya Sale ya ishe ni, ga yaron da sau ɗaya tak na saci kallonsa ranar suna. Kewa ta dame ni ƙwarai, ba na ɓoye muku.

Na aika wa Malam Isiyaku, limamin unguwar su Binta wanda ya ɗaura mana aure, ya binciko mini. Amsar da ta dawo ta kusa kayar da ni. Surukina, Alhaji Barmo, babban mai sayar da hatsi a Kurfi, ya ce ɗiyarsa ba za ta koma gidan mutumin da keke ya hana shi gaida manya ba. Ashe da zafi ya matsa, Alhaji ya mai da zamansa na hantsi gindin wata tsamiya a bakin hanya, hannun hagu in ka fito daga Dutsin-Ma. Ni kuwa ta nan nake bi in zan tafi Wurma. A al'ada, tun daga nesa ya kamata in sauka daga keke, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Sau uku ina wuce shi a guje, malafa a karkace. A na ukun har ya ɗaga mini hannu a gaban abokansa, ni kuma, in ji su, na kaɗa ƙararrawa na wuce. (Na tuna ƙararrawar. Jaki na kaɗa wa.)

Wani abu ya ɗarsu a raina, na tuna yatsun likitan nan da ake kaɗa mini ta gefe. Nan da nan na fita ƙofar gida na hangi wani rimi can nesa, na ƙirga ungulayen da ke kansa ɗaya bayan ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, ido lafiya lau, tsohon ne dai ya ga wani mai keke ya ɗauka ni ne.

Aka sa rana in zo in ba da haƙuri. Na sa babbar riga, na ɗaure goro a bayan keke, na iso Kurfi bayan azahar, rana tana dukan tsakiyar kai. Na jingine keke, na tuɓe takalmi, na yi sallama. Aka ce in shigo.

Zauren Alhaji irin na da ne, mai kauri, ba taga sai 'yar kafa can sama, kuma kullum bangon hagu cike yake da buhunan gero da dawa. Na fito daga hasken rana na faɗa cikin duhu. Da idona ya ɗan washe, sai na ga Malam Isiyaku a gabana kan buzu, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna. Ban ga kowa ba sai shi. Na cire malafa, na miƙa hannun hagu ba tare da na juya ba, na rataya ta a kusurwar wani buhu da ke kusa da ni.

Na ga idon Liman ya fito waje. Ya ce, "Malam, ai..."

Na tari numfashinsa. Na rage murya na ce, "Allah gafarta Malam, tunda Baba bai fito ba tukuna, bari in faɗa maka wata magana tsakanina da kai. Tsufa ne ya fara taɓa shi."

Liman ya yi tari.

Na ce, "Ka duba fa. Ni da nake ganin wata ɗan kwana ɗaya, a ce na wuce mutum kamar Baba ban gan shi ba? Baba fa ba allura ba ne. Mutumin da in ya zauna a tabarma sai an nemo wa baƙi wata? Mutumin da jakinsa ke fara kuka tun ya hango shi ya nufo?"

Liman ya shiga ƙifta mini ido, yana turo baki gefe. Ni kuwa na ɗauka dariya yake dannewa, abin ya yi mini daɗi, na gyara zama na ƙara wuta.

"Wallahi Malam, ko daga Dutsin-Ma na tsaya, in Baba na gindin tsamiyar nan sai na hango shi, sai dai in kasa hango tsamiyar. Ni dai zan ba shi haƙuri don a ba ni iyalina, ka san tsoho sai da lallashi. Amma kai ma ka san rigima ce kawai irin tasa."

Na faɗi haka, na kishingiɗa, na dogara gwiwar hannuna a kan buhun da na rataya wa malafa. Na ji buhun da ɗumi. Na ji buhun da laushi, ba irin laushin gero ba. Sai na ji buhun ya ja dogon numfashi.

Buhun ya ce, "Ka gama, ko da saura?"

Jama'a, na juya wuyana a hankali. Ga Alhaji Barmo zaune, cikin riga ruwan ƙasa, tsakaninmu bai kai kamu ɗaya ba. Malafata tana rataye a gwiwarsa, hannuna yana kan cinyarsa. Tun shigowata yana nan.

Ban san lokacin da na janye hannun ba. Na so in yi magana, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina wuni." Mutumin da ko haɗa ido ban taɓa yi da shi ba tun da na auri ɗiyarsa, yau ga shi na auna faɗinsa da tabarma a gaban limami. Na kifa goshina a ƙasa ina roƙon Allah ya tsaga ta in shige. A raina na ce shi ke nan, Binta ta tafi, yaro ya tafi, sai dai in nemi canjin wurin aiki zuwa inda ba a san ni ba.

Can sai na ji Alhaji ya ce, ba da fushi ba, "Isiyaku, yaron nan bai gan ni ba."

Liman ya ce, "Haka na gani, Alhaji."

"Mara kunya ma ba ya yin wannan. Kai, ɗago. Dubi Liman, kada ka juyo." Na ɗago ina kallon Liman. "Mi ke hannuna?"

Ban ga hannu ba, balle abin da ke cikinsa. Wajen hagu babu komai, ba duhu ba ne ma, babu ne kawai. Amma ku ji halin ɗan Adam, ko a nan sai da na gwada wayo. Na ce dattijo a zaure me zai riƙe in ba carbi ba.

Na ce, "Carbi ne, Baba."

Mudu ne. Babban mudun awon hatsi, yana kaɗa shi kusa da kunnena har ina jin iskarsa.

Sai ga dariya daga ƙofar cikin gida. Kakar Binta ce, Hajjo, tsohuwa mai bakin tsiya wadda take kirana angonta saboda wasan jika. Ashe tana laɓe tun farko. Ta leƙo ta ce, "Angona, ba ka gaya musu inda ka kai maganin Kano ba? Barmo, tambaye shi. Likita ya ba shi magani ya ce ya ɗiga har ya mutu, ya zubar a bayan ɗaki ya ɗura man keke a kwalbar. Binta ta faɗa mini tana kuka. Ku je ku duba keken, ai shi ke gani garau!"

Liman ya kasa daurewa, ya sa hannun riga ya rufe baki. Alhaji bai yi dariya ba. Ya cire malafata daga gwiwarsa ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Wucewar da ka yi mini a hanya, na yafe, tunda ba ka gani ba. Maganar ƙiba kuwa gaskiya ka faɗa, jakin ma yana nan a shaida. Amma ka saurara. Makanta in Allah ya kawo ta, mu riƙe ka hannu bibbiyu, ɗiyata ta ja maka sanda har ƙarshen ranta, ba mai cewa uffan. Wadda mutum ya ga tana zuwa, aka ba shi abin tare ta ya zubar don taƙama, wannan ban ba da ɗiyata gare ta ba. Ka ga ubanka, ka ga yayanka. Yaron da ke cikin gidan nan kana son ka san fuskarsa in ya yi gemu, ko sai dai ka shafa?"

Wannan tambaya ta fi duk abin da ya gabata zafi.

Ya ce, "Jibi motar hatsi za ta Kano. Da ni za a je. In likita ya ce ka kama hanya, ka ɗauki iyalinka."

Haka aka yi. Shi a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhuna (na gaske wannan karon, sai da na latsa na tabbatar). Likitan nan dai muka samu. Ya duba takardata, ya dube ni, ya sa aka sake ɗora mini ɗan sikelin. Ya tambayi ina maganin, kafin in ƙirƙiro ƙarya Alhaji ya ba tafinta labarin sarƙa tun daga farko. Sakamakon bai yi daɗi ba. Na hagu saura ɗan tsakiya kawai, kamar mai leƙe ta kafar kara. Na dama ma an fara ci ta wajen hanci, shi ya sa hagu ta ɓace mini gaba ɗaya. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma na dama ana iya tsare shi in na daina wasa. Ya ce ciwon goshin da na guda yakan ragu in jiki ya saba, da na dawo na faɗa da an san yadda aka yi. Na fito na zauna a bakin baranda na yi kuka, da gemuna da farin wandona, Alhaji na tsaye yana kallon wani wuri don kada in ƙara jin kunya.

A makon nan aka dawo mini da Binta da yaro. Sabbin kwalaben kuwa Alhaji bai ba ni ba, a hannunta ya danƙa. Ta ɗaura abin da lokutan salla don kada a manta, in ina daji wajen aiki kuma ta sa mini a aljihu ta auna da ido in na dawo. Duk lokacin komawa Kano ita ke tuna mini tun saura mako. Na hagu ya ƙarasa mutuwa bayan 'yan shekaru. Na dama daga baya an yi masa ɗan aiki, an canja magani ya fi sau nawa, kuma da shi na ga gemun ɗan farin nan ya fito har ya fara furfura. 'Ya'yana da na Yaya Sale kuwa duk wanda ya girma sai na tisa ƙeyarsa an auna shi, ko yana ganin ƙudan da ke Katsina daga nan. An samu abin a biyu daga cikinsu, an tare shi tun bai ci komai ba.

Abin da na koya, in mai ilmin abu ya ce maka kana da ciwo, rashin jin zafi ba hujja ba ce, kaifin ganin gabanka ma ba hujja ba ne. Na biyu kuma, kafin ka yi da mutum, juya wuyanka gaba ɗaya ka duba hagu da dama.

Na farkon na riƙe shi da kyau. Na biyun ne har yau nake fama. Shekaranjiya ina zaune a tsakar gida ina gaya wa jikana cewa kakarsu ta tsufa, miyarta ta fara yawan gishiri, sai na ga yaron yana ƙifta mini ido yana turo baki gefe. Na juya a hankali. Tana tsaye a haguna da kwalba a hannu, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Ta ce, "In ka gama, kwanta. Buɗe na daman da kyau, Malam, shi kaɗai ya rage mana."